Rabin Layin da Yaya Ya Bari

Litinin, 2 ga Satumba

Yau na koma aiki. Kowa ya taso ya yi mini gaisuwar rasuwar Yaya, na amsa yadda ake amsawa. Kujerata na nan, kofina na nan da busasshen shayi a gindinsa. Na ɗauka zan ji wani abu in na zauna. Ban ji ba.

Oga ya kira ni ofishinsa. Ina jin so yake ya ba ni abin da zai cika mini kai. Ya ce ya gaji da yadda kowa ke da editansa a kamfanin nan, wato manhajar da muke buga aiki a ciki. Masu rubuta manhaja kowa da nasa, mu masu tsara littattafan bayanin injuna da namu, sabon ma'aikaci ya zo ya rasa wa zai bi. In gwada guda huɗu, in rubuto masa rahoto, a zaɓi ɗaya kowa ya koma kai. Na ce to.

Ni aka ba alƙalancin edita. Da Yaya ya ji, da sai ya yi dariya har ya shaƙe.

Laraba, 4 ga Satumba

Na ja tebur a shafi, gida huɗu: Vim, Emacs, nawa mai maɓallai da ake dannawa da linzamin kwamfuta, sai wanda ake buɗewa a intanet mutane da yawa su yi rubutu tare. A gefe na jera sauri, sauƙin koyo, buga lissafi. Na zauna ina kallon gidajen har aka tashi.

Dogo, mai rubuta manhajar da ke zaune a bayana, ya zo kamfe. Ɗan Emacs ne na gani-kashe-ni. Wai editansa har wasiƙa yake karanta masa, har kalanda yake riƙe masa. Na ce saura wanki. Ya yi dariya fiye da kima, irin wadda ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa in ya daure ya yi raha.

Na Yaya Vim ne. Baƙin allo, ba maɓalli ko ɗaya, ba hoto. Hali biyu gare shi, ko kana rubutu ko kana ba shi umarni, kuma da haruffa ɗaya ake yin duka biyun. In ka manta a wane hali kake, sai ka share rabin shafi kana zaton gaisuwa kake bugawa. Na sha ce masa wannan ɗaki ne marar ƙofa, wanda ya shiga sai an zo an fitar da shi. Shi kuma ya sa mini suna 'Yar Linzami. Wai duk sanda na ɗaga hannu daga kibod na tafi neman linzami, tunanina ke sauka a hanya.

Tun ina makaranta muke wannan faɗan, a mota, a kan abinci, ko'ina. Saƙonninsa ma in a kwamfuta ya bugo su sai su zo da wutsiya. Ki gaida Baba kj. Ina hanya kj. In na tambaya ya ce yatsunsa ne ke atishawa. Ban taɓa bin ba'asi ba, don na san lacca zan sha.

Asabar, 7 ga Satumba

Anti, matar Yaya, ta kawo kwamfutarsa a jaka, da caja naɗe a jikinta. Ta ce tun ranar da aka kwashe kayansa daga gidanmu take ganin wata 'yar fitila na ƙiftawa a gefenta. Ba ta san me take nufi ba, sai ta yi ta sa ta a caji. Yanzu ta ce ba za ta iya ci gaba da kwana ɗaki ɗaya da ita ba. A bakin ƙofa ta faɗa mini kalmar sirri, ta tafi ko ruwa ba ta sha ba.

Barci kwamfutar take, ba a kashe ta ba. Ke nan duk abin da yake yi ran nan yana nan a buɗe.

Baba ya ji shigowarta. Da na leƙa falo na same shi a kujerarsa ta gefen tebur, ya ɗora hannaye a gwiwa. Asabar ce ranar littafi. Duk rayuwarsa lissafi ya koyar, da ya yi ritaya ya fara rubuta littafinsa da biro, idon dama ya mutu a babi na biyar. Daga nan ya koma faɗa da baki, Yaya na bugawa, duk Asabar, a teburin nan. A nan Yaya ya miƙe ya ce ƙirjinsa ya ɗaure, bari ya ɗan kishingiɗa. Ni ina kasuwa ina neman wa Baba ƙwan fitila mai haske.

Ƙwan na cikin kwalinsa har yanzu, a kan firij.

Lahadi, 8 ga Satumba

Na buɗe murfin.

Babi na tara. Layin ƙarshe rabi ne. Lissafin rabawa ne mai sama da ƙasa: ya buga saman, haruffan a da b da c a haɗe, ya buɗe gidan ƙasa, bai sa komai ba. Ɗan farin akwatin nan da ke nuna inda harafi zai sauka yana ƙiftawa a cikin gidan.

Na bi ta gefe na kwashe fayilolin littafin a filas, ban taɓa tagar editansa da ke buɗe a allo ba. Da na buɗe su a tawa kwamfutar sai na ga babi na tara ya tsaya tun kafin a kai wurin. Bai adana ba. Shi da ke mini faɗa kullum a kan adanawa. Abin da Baba ya faɗa masa a ranar ƙarshe, shafi guda ko fiye, babu shi ko'ina sai cikin tagar nan. In ta mutu ya tafi. Allon layuka kaɗan yake nunawa, sauran suna sama. Na gwada jan shi da yatsa, ko motsi. Ya kashe linzami gaba ɗaya, ɗan rigima.

Na rufe a hankali, na maƙala caja.

Talata, 10 ga Satumba

Na gwada na intanet duk yini. Yana aiki. Na rubuta a gidansa: yana aiki.

Asabar, 14 ga Satumba

Na ce wa Baba mu ci gaba, ni zan buga. Na roƙe shi ya sake faɗa mini ƙarshen babi na tara. Ya ce ya riga ya faɗa, ba ya maimaitawa. Ban matsa ba. Na ce to mu shiga na goma.

Daga kicin kawai na saba jin su, ban san haka abin yake ba. Baba ba karantowa yake ba, darasi yake yi. Ya rufe ido, yatsansa na zane a iska, magana na zuba: ɗora wannan, a ƙasansa sa wancan, rufe, cire masa tushe. Ni kuma kowane lissafi sai na saki kibod na kama linzami na nemo maɓallinsa, ko in buga dogon umarnin LaTeX, tsarin da ake buga lissafi da shi, harafi bayan harafi. A ofis daga takarda nake kwafa, takarda kuwa ba ta sauri. Na ce Baba tsaya. Ya tsaya. Na ce ci gaba. Ya rasa inda yake, don dukan lissafin a ka yake riƙe da shi, in aka katse shi sai ya zube. Ya koma farko. Na sake cewa tsaya.

A karo na ƙarshe bai koma farko ba. Ya buɗe ido ya ce, "Auta, yayanki ba ya cewa tsaya."

Ba da faɗa ba. Kamar dai yana gaya mini an yi ruwa jiya. Na ce haka ne, Baba. Na tashi na haɗa masa shayi.

Talata, 17 ga Satumba

Asibitin ido. Likita ya ja ni gefe ya ce na hagun ma yana tsukewa. Yanzu kamar mai leƙe ta bututu yake gani, kuma bututun ƙara matsewa yake, maganin rage masa gudu kawai yake yi. Ya ce in akwai abin da tsohon ke son gani, kar a jira.

A hanyar dawowa Baba ya ce shi ba ruwansa da a sayar da littafin ko kar a sayar. So yake ya gan shi a takarda, ya duba ko kusurwoyin zanensa sun zauna daidai. Saura ƙarshen babi na tara, da na goma, da na sha ɗaya.

Na ce za mu gama. Bakina ne ya faɗa.

Asabar, 21 ga Satumba

Na zo da dabara: in naɗi muryarsa a waya, in buga daga baya a tsanake. Ya yarda don kar ya ba ni kunya. Ya ɗan yi nisa, muryar ta fara sanyi, can ya ce shi ba ya yi wa waya darasi. Ashe ƙarar kibod yake bi. In ya ji an buga ya san layin ya zauna, sai ya sake shi ya kama na gaba. Da na saurari abin da na naɗa ma, wani wurin ban gane me ke cikin tushe me ke wajensa ba. Da yatsa yake nuna wannan, waya kuma ba ta gani.

Litinin, 23 ga Satumba

Oga ya tambayi rahoto. Na ce yana tafiya.

Yau Emacs. Yana son mai yatsu goma sha biyu. Na rubuta haka, na goge, Dogo zai gani.

Abincin rana na dawo da shi gida yadda na tafi da shi. Ba wai ba daɗi ba. Ban san ko da daɗi ba.

Alhamis, 26 ga Satumba

An ɗauke wuta tun jiya. Da na dawo aiki na ɗaga murfin, batirin ya koma ja. Ban san sanda na fita ba, takalmin wanka a ƙafa, kwamfuta rungume a ƙirji. Shagon mai aski na bakin titi ne kaɗai ke da janareto. Ya dube ni, ya cire wayar wani ya ba ni soket, bai tambaye ni komai ba. Na zauna a benci tsakanin maza masu jiran layi, ana musun ƙwallo ta saman kaina, ni ina kallon 'yar fitila.

Zuciyata ta buga sosai, har a wuya na ji ta. Rabon da in ji ta tun ranar. Tsoro ne, na gane shi. Ko ba komai wani abu ne.

Ba zan iya ci gaba da goyon kwamfuta a titi ba. Wata rana zan makara.

Juma'a, 27 ga Satumba

Na ce wa Dogo ya koya mini Vim. Ya dube ni kamar na ce ya koya mini sata. Ya ce ya san shi sarai, ya daɗe a cikinsa kafin Allah ya shirye shi. Na ce don rahoto ne. Ya ce to, don rahoto.

Abu na farko da ya yi, ya cire linzamina ya jefa a aljihun teburinsa ya kulle.

Talata, 1 ga Oktoba

Hannuna na dama ya yi ta zuwa gefe yana lalube a kan tebur. Na share layuka uku ban san me na taɓa ba. Dogo ya nuna mini harafin da ke dawo da abin da aka share. Na danna, suka dawo. Na daɗe ina kallonsu.

Alhamis, 3 ga Oktoba

A cikin fayilolin littafin akwai wani ƙarami da ban kula da shi ba. Na nuna wa Dogo, ya buɗe, ya jawo kujera. Gajerun hanyoyi ne Yaya ya ƙirƙira wa kansa. Ka buga harafi biyu ko uku, dogon umarnin ya fito da kansa, gidajensa a buɗe suna jira. Kuma ba da sunayen da ke cikin littattafai ya sa musu ba, da bakin Baba ya sa: ɗora, ƙasansa, rufe, tushe. Shi ya sa ba ya cewa tsaya. Abin da ya fito daga bakin Baba shi ke shiga yatsunsa, kusan kai tsaye.

Dogo ya ce da a Emacs aka yi wannan da ya fi kyau. Sannan ya ce Allah ya jiƙansa, mutumin ya iya aiki.

Sai na ji na gaya masa zancen tagar da ke buɗe. Ya ce ai ba wuya: in danna maɓallin Esc in fita daga halin rubutu, in buga :w, in danna Enter, shi ke nan ya adanu. Ya ce ko ya biyo ni gida ya yi mini. Na ce a'a. Ban san me ya sa ba, amma ba na son hannun kowa a kai.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na ce wa Baba kaina na ciwo. Ya ce sannu. Ya zauna a kujerar har rana ta raba, ina jin tarinsa daga ɗaki.

Naɗin nan na waya ya yi amfani bayan duk. Na sa shi a kunne, ina bin muryar da gajerun hanyoyin Yaya. Yana tsere mini a layi na huɗu, in mayar, ya sake tsere mini. Na lura Baba yanzu da hannu yake neman kofinsa, ba da ido ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na bi naɗin daga farko har ƙarshe ban tsayar da shi ba. Kurakurai kamar me. Amma ban tsayar ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Da safe, kafin Baba ya fito, na ɗora kwamfutar Yaya a teburin falo inda take zama. Na buɗe. Akwatin na ƙiftawa a gidan ƙasa. A can gindin allo ga kalmar da ke nuna ana cikin halin rubutu.

Na danna Esc. Kalmar ba ta tafi ba. Na sake dannawa, tana nan. Na ce ƙila haka nasa yake nunawa, sai na buga :w. Sai ga su sun zauna a cikin gidan, ƙarƙashin a da b da c. Na yi rubutu a layinsa.

Na goge su, ɗaya, biyu, ina lura kar in ci nasa. Na mayar da hannaye cinya. Ɗaki marar ƙofa, ni na faɗa da bakina. Ya toshe ƙofar da kowa ya sani ya yanka tasa a wani wurin, kuma ba ya nan balle in tambaye shi. Na ji haushinsa, haushi na gaske, irin wanda nake ji in ya cinye mini nama muna yara. Me zai sa mutum ya kashe Esc?

Na zauna ina kallon kibod ɗin don ba na son kallon allo. Esc sabo fil, har da ƙura a gefensa. Ƙaramin yatsansa na hagu a lanƙwashe yake tun karayar da ya yi a ƙwallo, ba ya kaiwa can sama. A layin tsakiya kuwa akwai maɓallai biyu da suka sha hannu har fentinsu ya goge, suna ƙyalli. Sai da na ƙirgo daga gefe na gane su wane ne. K da j.

Na danna su da sauri, ɗaya bayan ɗaya, yadda na sha jin yana yi. Kalmar ta ɓace.

Na buga :w, na danna Enter. Layi ya fito a ƙasa, an adana.

Ashe ba atishawa ba ce. Duk sanda ya gama magana fita yake daga rubutu, yatsun ba su damu da a wace manhaja suke ba. Ki gaida Baba, sannan ya fita. Shekara da shekaru yana nuna mini ƙofar a ƙarshen kowane saƙo, ni ina masa tsiya.

Baba ya fito, ya lalubi kujerarsa ya zauna. Na hau sama don in ga shafin, ya ji ƙarar ya juyo da kunne. Ya ce, "Wannan ba taki ba ce."

Na ce ta Yaya ce.

Bai ce in rufe ba. Sai na fara karanto masa daga inda suka fara ran nan, layi bayan layi, kalmominsa ne amma da muryata. Bai gyara mini ko ɗaya ba. Na zo layin ƙarshe, na koma halin rubutu, na ce a da b da c a haɗe, an ɗora. Na ce, "A ƙasansa fa, Baba?"

Ya gyara murya.

"Biyu."

Na sani. Ɗan aji ɗaya ma ya sani. Tun ranar da na ɗaga murfin na san biyu ne. Na buga. Ya ji ƙarar, ya rufe ido, yatsan ya tashi sama, ya ci gaba daga nan.

Mun gama babi na tara kafin shayinsa ya huce. Bai sha ba, ni ma ban tuna masa ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na yi barci har rana ta fito. Na ci burodi guda ni kaɗai.

Asabar, 19 ga Oktoba

Babi na goma. Na ce tsaya sau biyu. Bai koma farko ba, ya jira.

Laraba, 23 ga Oktoba

Yanzu da yamma ma muna zama in na dawo aiki, shi ya nema. Na lura ya koyi kurɓar shayi a tsakiyar dogon lissafi, daidai inda nake shan wuya. Wai maƙogwaronsa ne ke bushewa.

Jiya ya ce, "Karanto mini, Babba," sunan da yake kiran Yaya da shi. Na karanto. Ina jin bai ji kansa ba. Ko ya ji.

Oga ya sake tambayar rahoto, wannan karon ba murmushi. Na ce Litinin ta sama. Dogo ya ce in dai ban sa Emacs a farko ba, ya yi asarar hutun cin abincinsa na wata guda a kan 'yar adawa.

Alhamis, 31 ga Oktoba

An gama. Jimlar ƙarshe ta littafin ita ce ɗalibi ya gwada sauran da kansa.

Na ƙara wa haruffan girma sosai, na haɗa littafin, zane ɗaya ya tsallake shafinsa na dawo da shi. Oga ya ce in yi amfani da firintar ofis. Ta yi ta aman takarda har aka tashi, Dogo ya tsaya ya taya ni jerawa. Ya yi kauri kamar bulo.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na hau kujera na sa ƙwan fitilar. Yana da haske, mai shagon bai yi ƙarya ba.

Baba ya karɓi littafin da hannu biyu, ya auna nauyinsa. Ya kawo shafi dab da idon hagu. Ba idon yake juyawa ba, takardar yake ja a hankali ta gabansa, daga dama zuwa hagu. Yana gani. Na tsaya a bayansa ina jin numfashina.

A babi na biyu ya ce harafin wata kusurwa ya matsu da layi, wannan aikin yayanki ne, kullum cikin sauri. A na bakwai ya yi dariya shi kaɗai, bai ce me ya gani ba. Ya yi ta tafiya har rana ta karkata. Da ya shiga na tara ya rage gudu. Ya wuce shafin, ya dawo, ya sake wucewa.

Ya ce, "Ina ya tsaya? Ba a ganewa."

Na kama yatsansa na ɗora a wurin. Na ce, "Na sama nasa ne. Na ƙasa nawa."

Ya sunkuya har hancinsa na taɓa takardar. Ya daɗe a haka, yatsan na kan ɗan layin da ya raba su. Da ya ɗago ya ce biyun ya zauna daidai a tsakiya. Sannan ya ce a kashe fitilar, ta fara sa masa ruwan ido.

Na kashe.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na buga :q, tagar ta rufe. Na kashe kwamfutar, 'yar fitilar ta daina ƙiftawa. Ba abin da ya faru. Mota ta wuce a waje.

Na kira Anti na ce in tana so zan kawo mata, yanzu ba ta ƙiftawa. Ta ce in riƙe tukuna.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na miƙa rahoto. A na intanet na buga shi don Oga ya gani kai tsaye. Na cika gidajen duka, na rubuta wanda ya fi sauƙin koyo da wanda ya fi iya lissafi. A ƙarshe na ce sabon ma'aikaci ya fara da mai maɓallai, amma kar a raba kowa da abin da hannunsa ya riga ya sani. Na san ba abin da ya aike ni ke nan ba.

Bayan azahar ya fito da takardun a hannu, ya tsaya a kan teburina. Ya ce shawarar za a duba ta, amma akwai abin da bai gane ba. Mene ne kj? Ya ce kusan kowane sakin layi da shi ya ƙare.

Na karɓa na duba. Suna nan a jere, har ƙarƙashin sunan sashenmu.

Dogo ya fara dariya, ya dube ni, ya daina. Ni ce na ci gaba. Na ce wa Oga yatsuna ne ke atishawa. Sannan na tashi na shiga banɗaki, na buɗe famfo, na daɗe. Ina jin mura ce ke neman kama ni, iyakwandishan ofis ya yi yawa kwanan nan.

Dogo ya dawo mini da linzamina. Na sa shi a aljihun tebur, igiyarsa ce ke cika mini wuri, ba wani abu ba. Kuma har yanzu ina nan a kan bakata, editan nan ba shi da kyan gani.

Oga ya ce in goge su kafin a raba wa mutane. Zan goge. Gobe.